Yadda na faɗi gwajin koyarwa na minti goma, na sake shiri na koma

Na rubuta wannan bayani ne saboda ɗaliban kwalejojin ilimi da za su shiga darasin ƙaramar koyarwa, wanda a bakin ɗalibai ake kira maikuro, musamman waɗanda za a ce su tsaya a gaban aji su nuna yadda ake yin wani abu da hannu suna bayani da baki. Ni na shiga shi ne a shekarata ta biyu ta neman takardar shaidar malanta ta NCE a sashen ilimin firamare, kuma na shiga ban san matakansa ba, domin duk wadda na tambaya cikin yayyenmu da suka gabace mu, amsarta ɗaya ce, wai minti goma ne kawai, kada in damu. Minti goman nan sai da suka ci mini mako bakwai, da kuɗin da ban tanada ba, da kuka mai yawa a bayan ɗakin karatu.

A makon farko malamin darasin ya tara mu a babban ɗakin taro ya yi mana bayanin asalin abin. Ya ce an fara wannan salo ne a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963, a hannun Dwight Allen da abokan aikinsa, kuma hikimarsa ita ce a rage komai, wato a rage yawan ɗalibai, a rage lokaci, a rage abin da za a koyar, har mai koyon koyarwa ya iya tattara hankalinsa a kan fasaha ɗaya ko biyu. Mutum zai tsara darasi, ya koyar, a faɗa masa kurakuransa, ya sake tsarawa, ya sake koyarwa, a sake duba shi. Hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, wadda aka kafa a 1989, ta sa shi cikin darussan da ake yi kafin a tura ɗalibi makaranta aikin koyarwa na gwaji, wanda muke kira TP. Na rubuta duk wannan a littafina tsaf, amma batun sake koyarwa ban ba shi muhimmanci ba, na ɗauka an tanade shi ne don raggwaye, ni kuwa tun daga Islamiyya an san ni da ƙarfin hadda.

Tangarɗar farko ba ta da alaƙa da iya magana. An raba mu rukuni-rukuni, mutum goma sha biyu a kowane rukuni, aka liƙa sunaye a allon sanarwa, na duba daga sama har ƙasa sau uku ban ga nawa ba. Wakilin aji ya tura ni ofishin sashe, ofishin sashe suka ce in je wurin mai kula da rajistar darussa, shi kuma na same shi ya fita sallar azahar bai dawo ba sai bayan la'asar. Da ya dawo ya duba takardar rajistata ya nuna mini cewa mai ba mu shawara kan darussa bai sa hannu a shafi na biyu ba, saboda haka sunana bai shiga jerin da aka miƙa ba. Kwana uku na yi ina wannan zirga-zirga, kuma a kowane ofis sai an nemi kwafin rasit na kuɗin makaranta, da kwafin takardar rajista, da katin shaida. Duk mai shirin shiga wannan darasi ya yi kwafi uku-uku na waɗannan takardu tun kafin a tambaye shi, ya kuma duba kowane shafi ya ga akwai sa hannu da hatimi. Da aka gama, an jefa ni rukunin ƙarshe, wanda malamarsa ta yi suna wajen tsanani.

Mataki na gaba shi ne amincewa da batu. Malama tana ganin ɗalibai ranar Talata kaɗai, kuma sai an rubuta suna a wata takarda da ke maƙale a ƙofarta tun da safe. Na je da batun tsaftar muhalli, na zauna a benci kusan awa biyu, na shiga ban yi minti uku ba na fito. Ta ce mini, “Malama, wannan ai wa'azi za ki yi mana. Ina abin da hannunki zai yi mu gani?” Rukuninmu an ɗora masa fasahar nuni ne, dole a kawo abin da za a fara a gama a gaban mutane, kuma yaro ya iya maimaita shi a gida. Talata ta zagayo na koma da batun haɗa ruwan gishiri da sukari na mai gudawa, ta karɓa nan take, ta ce ya dace da 'yan aji huɗu ko biyar. Ma'aunin da na rubuta shi ne wanda hukumomin lafiya ke koyarwa don haɗawa a gida idan babu na ƙunshi, wato garin da ke zuwa a haɗe: lita 1 ta ruwa mai tsafta, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri.

Tsarin darasi kuwa sau uku ta dawo mini da shi da jan biro. Na rubuta cewa a ƙarshen darasi yara za su san muhimmancin ruwan gishiri da sukari, ta ja layi a ƙarƙashin kalmar sani ta tambaye ni da wane ido zan ga sanin. Manufa dole ta zama abin da ake iya gani ko ji, kamar yaro ya lissafa kayan haɗi guda uku, ko ya auna sukari daidai da hannunsa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne gabatarwata. Na yi bincike na rubuta sakin layi guda a kan likitan nan na Indiya, Dilip Mahalanabis, wanda ya yi amfani da wannan ruwa a sansanin 'yan gudun hijira lokacin yaƙin Bangaladash a 1971 sa'ad da ruwan ƙarin jijiya ya yi ƙaranci, na kuma ƙara bayanin yadda sukari ke taimaka wa hanji ya tsotsi gishiri da ruwa. Ta soke tarihin gaba ɗaya, ta bar mini jimla ɗaya daga bayanin hanji. A raina na ga kamar ta raina ƙoƙarina, don haka na gyara takardar kamar yadda ta ce, amma na bar tarihin a cikin haddata. Wannan taurin kai shi ne kuskurena na farko.

Kuɗin da na kashe a farashin wancan lokacin bai kai a kira shi dukiya ba, amma ga ɗalibar da ke lissafin kuɗin mota ya yi nauyi. Kwali biyu da maka uku na zanen matakai sun ci kusan naira 1,500, buga tsarin darasi da sake buga shi sau uku ya ci wajen 900, kowannenmu ya ba da 500 na man injin da za a tayar idan babu wuta, sai 1,000 na wanda zai ɗauki bidiyo ya tura mana a waya. Sukari da gishiri da cokali da jug daga ɗakin Inna na ɗauko. Ruwa ne na saya, gora guda a shagon bakin ƙofar makaranta, ban ko kalli jikinta ba. Daga nan na shiga hadda. Na rubuta jawabin da Turanci kalma bayan kalma, shafi biyu da rabi, ina bitarsa a kwance da zaune har na iya karanta shi ido rufe. Ko sau ɗaya ban taɓa cokali ba ina wannan bita, domin a ganina wa zai koya wa 'yar Hausawa zuba sukari a ruwa.

Ranar gwaji an ce mu hallara ƙarfe takwas a ɗakin ƙaramar koyarwa da ke cibiyar kayan koyarwa. Rukuni biyu ne a gabanmu, wuta ta ɗauke, mai injin bai zo da wuri ba, ba mu shiga ba sai wajen sha ɗaya da rabi, kuma ni ce ta tara a jeri. Kafin a zo kaina yunwa da fargaba sun gama da ni, bakina ya bushe. Na tsaya a bayan tebur na yi sallama da muryar da ni kaɗai na ji ta, na kafa ido a kan jug, na fara zuba hadda. Labarin 1971 ya cinye minti uku. Da na zo wanke hannu na ga ban tanadi abin tarar ruwa ba, na yi kamar na wanke. Da na miƙa hannu zan ɗauki sukari, bakin hijabina ya share cokalin ya faɗi ƙasa, na sunkuya na ɗauka, ina ɗagowa haddar ta ɓace kamar an share allo. Na yi shiru ina auna sukari, shirun da a kunnena ya kai shekara. Ana cikin haka wani abokin karatunmu, wanda ke zaune a matsayin ɗan firamare, ya ɗaga hannu ya ce, “Malama, gorar nan lita ɗaya ce?” Na juya gorar na ga an rubuta 75cl, wato ba ta kai lita ba. Ban san abin da zan ce ba. Malama ta buga tebur alamar lokaci ya cika, ban zuba gishiri ba, ban yi tambaya ko ɗaya ba, kwalin da na zana ma yana naɗe a gefe.

Bayan kowa ya gama aka shiga zaman gyara, kuma al'adar wurin ita ce mai darasi ya fara faɗin ra'ayinsa, sannan abokai, sannan malama. Ni ban iya cewa komai ba. Malama ta fara da gora, ta ce wannan ba kuskuren magana ba ne, kuskuren da zai iya cutar da yaro ne, domin idan ruwa ya gaza lita alhali gishiri da sukari suna nan yadda suke, haɗin ya yi ƙarfi, kuma haɗin da ya yi ƙarfi yana iya ƙara wa mai gudawa wahala. Sannan ta ce a cikin minti goma ban kalli mutum ko ɗaya ba, na bayan aji kuma ba su ji rabin abin da na faɗa ba. Ta rubuta a takardar maki cewa in sake, bayan mako biyu. Da daddare na buɗe bidiyon, da ƙyar na kalle shi har ƙarshe, amma gani ya kori ji. Abin da na lura da shi, wanda babu wanda ya faɗa mini, shi ne duk lokacin da hannuna ya fara aiki bakina yana tsayawa, duk lokacin da bakina ya fara magana hannuna yana sandarewa. Ashe ba tsoro ne babbar matsalata ba. Hannuna da bakina ne ba su taɓa aiki tare ba, domin na horar da ɗaya na bar ɗaya.

Batun kallon mutane kuwa sai da na zauna na yi tunani a kansa, domin ba laifina ba ne ni kaɗai, kuma ba na jin laifin tarbiyya ne. An raine mu a kan cewa yarinya ba ta haɗa ido da babba, ba ta ɗaga murya a gaban maza, kuma wannan kunya abin yabo ce a gida da unguwa. Sai ga shi an wayi gari takardar maki tana ba da lada a kan haɗa ido da ɗaga murya, ba tare da wani ya zaunar da mu ya bambance mana tsakanin ladabin zaure da aikin aji ba. A ra'ayina wannan giɓi ne a yadda ake koyar da darasin, domin mata da yawa a rukuninmu a nan suka rasa maki, har da waɗanda suka fi mazan sanin abin da suke koyarwa.

Ƙarshen mako na tafi gida na ba Inna labari ina jiran lallashi, sai ta ce in ɗauko kayan in nuna mata. Ta ce ita a rediyo da asibitin awo ta koyi haɗa wannan ruwa, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, kuma ma'aunin kwalba aka koya musu. Na fara da Turanci ta dakatar da ni, ta ce, “Ke, faɗa mini da Hausa tukuna, in kin san abin.” Da na koma Hausa sai na ji maganar tana fitowa ba tare da hadda ba, amma ina tsallake matakai. Ita kuma ba ta raga mini ba. In na ce a zuba sukari, sai ta ce da wane cokali, na shayi ko na cin abinci. In na ce cokali shida, sai ta ce a shafe ko da tsororuwa. In na gama, sai ta ce in ya kwana fa, a nan na tuna ban taɓa sa a jawabina ba cewa abin da ya wuce awa 24 zubar da shi ake yi a haɗa sabo. Tambayoyin nan su ne ainihin darasin, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a shafi biyu da rabi da na haddace.

Daga ranar na yar da rubutaccen jawabin, na koma kan ƙaramin kati mai kalma shida, kowace kalma mataki guda: hannu, ruwa, sukari, gishiri, juyawa, ajiya. Kullum bayan la'asar nakan tara ƙannena da 'ya'yan maƙwabta a tsakar gida, in jera kayan a tire daga hagu zuwa dama bisa tsarin da zan ɗauke su, in jingina waya a jikin turmi tana ɗauka, in kunna agogo. Na ɗora wa kaina doka cewa zan faɗi abin da zan yi, in yi shi ina ɗaga kayan daidai ƙirji don kowa ya gani, sannan in faɗi abin da na yi. Wuraren da hannu ke daɗewa, kamar auna cokali shida da juyawa har sukari ya narke, su na cika da sa yara ƙirge tare da ni da yi musu tambaya, sai shirun nan mai nauyi ya ɓace. Don murya, na zaunar da autanmu a bakin zaure na ce duk lokacin da bai ji ni ba ya ɗaga hannu, kuma a ranar farko hannunsa bai sauka ba. Don ido, na zaɓi wuri uku, dama da tsakiya da hagu, ina gama jimla a wuri ɗaya kafin in koma wani, kuma da farko goshi da hula nake kallo har na saba. Sai da matakan suka zauna da Hausa sannan na mayar da su Turanci a gajerun jimloli, kowane gwaji kalmomin suna ɗan bambanta, wanda hakan ya nuna mini ba hadda nake yi ba. Na gwada sau goma sha ɗaya. Na farko ya ci minti goma sha shida, na ƙarshe takwas da rabi.

Sake koyarwa ma yana da nasa bin ofis. Sai da na kai takardar makin farko cibiyar kayan koyarwa aka sa ni a jerin masu maimaitawa, na sake buga tsarin darasi da gyaran da aka yi, malama ta sake sa hannu, na sake biyan kuɗin mai. A wannan karon na karya kumallo, na zo da ruwan sha nawa daban, na sa hijabi mai hannu wanda ba zai share tebur ba, na zo da cokali biyu, da roba da buta da sabulu, da ruwan leda biyu da na karanta 50cl, wato rabin lita, a jikin kowace. Na liƙa kwalina a allo tun kafin a kira ni. Ƙafafuna sun yi rawa kamar wancan karon, wannan bai canza ba, amma na ja numfashi na fara da tambayar wa aka taɓa yi wa ƙani ko ƙanwa gudawa a gidansu, hannuwa suka tashi, daga nan na ji ina magana da mutane ne. Gishirin ya ɗan zube, na ce su duba abin da ke faruwa idan aka yi gaggawa, na share na sake aunawa. Na kira wanda ya yi mini tambayar gora ya fito ya auna sukari da kansa, na rufe da tambayoyi uku, da tunatar da su cewa wannan ruwa ba ya hana kai yaro asibiti, kuma idan akwai na ƙunshi shi ya fi. Na gama saura minti ɗaya. Malama ta ce har yanzu ina juya wa aji baya idan zan nuna kwali, kuma ina yawan cewa “kun gane” ba tare da jiran amsa ba, sannan ta rubuta maki mai kyau ta sa hannu.

Wanda zai shiga wannan darasi, abin da zan ce masa shi ne ya gama da takardu tun makon farko, domin kwanakin da na ɓata a ofisoshi da na yi gwaji da su da ban faɗi ba. Ya zaɓi batun da ba ya wuce mataki biyar ko shida, ya karanta jikin duk kayan da zai ɗora a tebur, ya yarda idan an soke masa gabatarwa mai tsawo komai daɗinta. Kada ya yi bita ko sau ɗaya ba tare da kayan a hannunsa ba, kuma ya bar minti ɗaya ko biyu a aljihu saboda tambaya da abin da zai faɗi ƙasa. Ya nemi mai sauraro wanda ba ya jin nauyinsa, domin abokan ɗaki cewa suke ya yi kyau, yara da iyaye mata kuwa tambaya suke yi. Kuɗin bidiyo kuma kada ya ji ƙyashinsa, a cikin duk abin da na kashe shi ne ya fi yi mini amfani, ko da yake wayar hannu da aka jingina a jikin wani abu tana yin wannan aiki kyauta.

A shekara ta uku aka tura ni TP wata makarantar firamare a bayan gari, aka ba ni aji huɗu mai yara fiye da saba'in, babu tebur sai benci guda da na jawo gaba. Na koyar da darasin nan a mako na uku, rabi da Hausa rabi da Turanci, kuma ya ci minti talatin da biyar cif, domin kusan kowane yaro so yake shi ma a ba shi cokalin ya shafe sukarin da yatsarsa.